Yadda ake bin sawun warin fetur a tsohuwar mota har a kama inda take yoyo: misali da Fijo 504

Duk wanda ya riƙe tsohuwar Fijo ya sha jin maganar nan daga bakin mutane, har da wasu makanikai: “Ai haka tsohuwar mota take, ba ta rabo da warin mai.” Ni ban yarda da ita ba. Motar nan da ta fito a Faransa a 1968, aka kuma fara harhaɗa Fijo a masana'antar Kaduna a 1975, ba da warin fetur a cikin ɗakinta aka miƙa wa masu ita ba. Ɗan wari na minti kaɗan a wajen bonet bayan an kashe inji mai zafi, wannan kam halin kafireta ne, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Amma warin da ke tarbarka da safe in ka buɗe ƙofa, ko wanda ke sa iyali ciwon kai a hanyar Zariya, shaida ce cewa fetur yana fita ta inda bai kamata ba. Mafi sabunta a cikin 504 da ke kan titi yau ta kai wajen shekara 20, tsofaffin kuwa sun haura 40. Roba ba ta kai wannan shekaru da lafiyarta, ƙarfe kuma tsatsa na cinsa a ɓoye.

Da 504 zan yi bayani don ita na fi sani, amma tsarin ɗaya ne a kusan duk motar da ke da kafireta da famfon mai na jikin inji.

Kafin ka ɗauki sifana

Ruwan fetur ɗin da kake gani a ƙasa ba shi ne babban abin tsoro ba, tururinsa ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse, ƙasa yake bi yana malala kamar ruwa, ya taru a rami, a kwata, a ƙarƙashin mota. In ya kai kusan kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa murhun da ke can gefen tsakar gida, ko janareto, ko wutar mai shayi da ke bakin gareji, ko ɗan walda da ke aiki a kan motar kusa, duk suna cikin lissafi ko da ka ga kamar da nisa.

Ka fitar da motar fili inda iska ke kaɗawa. Ka bar injin ya huce sarai. Ka cire kan batir na ƙasa, wato wanda aka ɗaure da jikin mota, domin in sifana ta taɓa ƙarfe ba za ta yi tartsatsi ba. Hasken da za ka yi aiki da shi tocila ce mai batir, ban da fitilar ƙwai mai jona wuta, ban da ashana ko leta ko da na daƙiƙa ɗaya ne. Ka aje abin kashe gobara mai hoda a inda hannunka zai kai, tare da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukarta yake ya yaɗa. In za ka shiga ƙarƙashin mota, kada ka dogara da jak shi kaɗai, ka tokare ta da abin da ba zai goce ba. Ka cire babbar riga, hannun riga ma ka naɗe shi, saboda akwai inda za ka tsaya kusa da fanka da bel injin na aiki.

Kayan aikin ba su da yawa: farar takarda ko tsumma fari, babban kwali, hodar jarirai, ƙaramin madubi, sukudireba, filaya da sifanu ƙanana.

Mataki na farko: ka tambayi warin lokacinsa

Nan ne yawancin mutane ke yin gaggawa, nan kuma rabin aikin yake. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka ɗauki kwana biyu ko uku kana lura da lokacin da warin ke zuwa, domin lokacin ne ke nuna wurin.

In sai ka cika tanki warin ke tashi, ya kuma ɓace bayan mai ya sauka zuwa rabi, to laifin yana saman tanki: wuyan da ake zuba mai, robar da ta haɗa wuyan da tankin, ƙaramin tiyon numfashi, ko gasket ɗin gejin mai. In yana zuwa ne lokacin da ka sha kwana ko ka hau gargada, can ɗin ne dai, mai ne ke tangal-tangal yana taɓa wurin da ya buɗe. In sai inji na aiki kake jinsa, ka nufi tsakanin famfon mai da kafireta, inda mai ke tafiya da matsi. In bayan ka kashe mota da minti biyar zuwa goma ne yake turnuƙewa, sannan ta yi maka gardamar tashi sai ka danne totur, kafireta ce ke ambaliya. In kuwa dare da rana yana nan, ko tanki a cike ko saura kwata, to ƙasan tanki ne ko bututun ƙarfen da ya taho daga baya zuwa gaba.

Sai ka bambance wari biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗanyen fetur warinsa irin na gidan mai ne, sak. Akwai kuma warin man da bai ƙone sosai ba da ke fitowa ta salansa, mai yaji a ido, mai tafe da baƙin hayaƙi. Wannan na biyun ba yoyo ba ne, inji ne ke shan mai fiye da iska: cok, wato marfin da ke rage wa kafireta iska don tayar da inji mai sanyi, ya maƙale bai koma ba, ko filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko fulogi ɗaya ya daina wuta. Ka ciro fulogi ka gani, in ya yi baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, ka samu amsa. In wannan warin yana shigowa ɗaki, ka duba robar murfin but ko ta ƙofar baya a wagon, da duk wata ɓula a salansa. Mota na tafiya iska na murɗawa a bayanta tana mayar da hayaƙi ciki, musamman in an ɗan sauke gilas. A cikin hayaƙin akwai iskar da ba ta da wari ko kaɗan amma tana sa barci da jiri, tana kuma kisa, don haka wannan ma ba abin jinkiri ba ne.

Mataki na biyu: kwali da hoda

Ka wanke injin da ƙasan motar, ka bar su su bushe ƙarau. A kan datti da tsohon baƙin mai ba za ka ga komai ba. Da yamma ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta daga gaba har baya, ka yi alamar inda tayoyi suke da alli. Ka zo da sassafe kafin rana ta fito, domin fetur bushewa yake ya bar tabo mara kauri kawai, ba kamar baƙin mai da ke zama ba. Ka tuna kuma inda ɗigo ya faɗi ba lalle nan ne ɓular take ba. Mai yana bin jikin bututu ko shasi ya yi tafiya kafin ya sauka, don haka kullum ka bi jiƙon zuwa sama har ka kai wurin da ya fi tsayi.

Ga wanda bai kai ɗiga ba, naso kawai yake, hoda ce maganinsa. Ka barbaɗa ta a kan kowace mahaɗa: bakin tiyo, gindin famfo, kewayen kafireta, saman tanki. Ka mayar da batir, ka tayar da mota minti biyu, ka kashe, ka haska. Inda farar hodar ta yi duhu, nan ne. Wata alamar kuma da idon makanike ke kamawa nan take ita ce wurin da ya yi fes a tsakiyar datti, domin fetur wanke maiƙo yake. Ka kuma lura da tabo ruwan ƙasa mai sheƙi kamar busasshen ƙaro, wanda tsohon fetur ke bari in ya daɗe yana naso.

Mataki na uku: daga tanki

Ka fara da abu mafi araha, murfin tanki. Ka duba robarsa, in ta tsattsage ko ta ƙandare, canji kawai. Sau da yawa murfin asali ya ɓata tun tuni an maye shi da wanda aka samu, ko ma leda da tsumma. Ka nemi irin na motar, domin tanki yana buƙatar hanyar shaƙar iska yayin da mai ke raguwa. In aka rufe shi ruf babu numfashi, mota za ta riƙa mutuwa a hanya, in ka buɗe murfi ka ji ya ja iska “fuuu”.

Ka kwashe kayan but, ka ɗaga shimfiɗa, ka bi wuyan tanki da hannu har inda ya shiga. Robar nan mai faɗi da ta haɗa su takan tsage ta ƙasa ko ta bayan da ido ba ya gani, nan madubi zai yi maka amfani. Kusa da ita akwai siririn tiyon numfashi, wanda yakan zare ko ya karye, ya riƙa hura tururi kai tsaye cikin but, daga nan ya bi ta bayan kujera ya shigo ɗaki. Na taɓa shafe kusan wata biyu ina zargin kafireta, har aka kwance ta sau biyu a wani gareji, ashe wannan ɗan tiyon ne da bai kai kaurin yatsa ba ya rabe gida biyu. Sai da na lura cewa warin ranar da na sha mai yake tsananta sannan na koma baya. Tun daga ranar ba na barin a taɓa kafireta kafin a duba but.

Sai gejin mai, wato faifan da wayoyi ke shiga a jikin tanki. Gasket ɗinsa yakan bushe. Kada ka yarda a shafe shi da gam ɗin silikon, fetur narkar da shi yake, gutsattsarinsa su bi bututu su je su toshe kafireta. Gasket ɗin da aka yi don fetur za a sa.

Jikin tankin kansa yana ruɓewa ta fuska biyu. Ta waje, laka da ƙasa kan taru a samansa da ƙarƙashin abin da ya ɗaure shi, su riƙe damshin damina, tsatsa ta yi ƙananan huji kamar na allura. Ta ciki kuma, ruwan da ya shigo tare da man jarka yakan kwanta a gindi tunda ya fi fetur nauyi, ya ci ƙarfen daga nan. In ka kasa ganin hujin, a sauke tankin, a juye man a mazubi na ƙarfe mai murfi, a toshe duk kafofinsa, a ba shi iska kaɗan da famfon keke, a shafa ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan ne. Bugu kaɗan na famfon ya isa. Kada a kai shi wajen mai faci a sa masa kwamfuresa, tankin mota ba a yi shi don matsi ba, zai kumbura ya buɗe ɗinki.

Sabulun wanki da direbobi ke gogawa a ɓular tanki yana aiki, amma dabara ce ta isa gari, ruwan sama na farko zai wanke shi. Batun walda kuwa, ina roƙonka ka tsaya a kai da kanka. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne cike da shi. Zuba ruwa sau ɗaya a juye bai fitar da tururin da ke maƙale a ɗinki da tsatsa ba. In ba ka samu wanda aikinsa ke nan ya kuma san yadda ake wanke tanki ba, ka nemi wani tankin mai lafiya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka haska cikinsa da tocila kafin ka biya.

Wani abu kuma da ba laifin mota ba: cika tanki har wuya. Fetur yana kumbura da zafi, lita 50 da ta fito da sanyinta daga tankin ƙasa na gidan mai, in ta ƙara zafi da digiri 15 a ranar Afrilu, za ta ƙaru da fiye da rabin lita. Wannan rarar ta numfashi ko ta murfi za ta fita. In famfon gidan mai ya katse da kansa, ka ce ya isa.

Mataki na huɗu: bututu da tiyo

Ka bi bututun ƙarfen daga tanki zuwa inji taku-taku, kana goga farar takarda. Ka fi mai da hankali a ƙarƙashin maƙalan da suka riƙe shi da inda yake gogar shasi. In taka tana da bututu na biyu mai mayar da rarar mai tanki, shi ma ka bi shi, domin akan samu wanda aka yanke aka cusa masa noti.

Kowane tiyo na roba ka lanƙwasa shi a hankali. In ka ga tsaga-tsaga, ko ya ƙandare kamar kara, ko ya yi laushi yana danƙo, ya gama. Mai rigar zare a waje ya fi yaudara, domin zaren na rufe tsagar, sai dai ka taɓa ka ji damshi ko ka shinshina yatsa. Ra'ayina shi ne in ba ka san shekarar da aka sa su ba, ka canza su duka rana ɗaya, kuɗinsu bai kai na cika tanki sau ɗaya ba a farashin da ake sha tun bayan cire tallafi a 2023. Ka je kasuwa da guntun tsohon don a auna faɗin ciki. Ka karanta rubutun jikin sabon: wanda aka yi don fetur yakan ɗauki lamba SAE J30 tare da R7 ko R9. R7 ya isa motar kafireta, R9 ya fi shi jure man da aka gauraya da sinadarai masu cin roba. Masu mota ba su manta man nan mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ba. Farin tiyon ruwa mai nuna ciki, ko tiyon iska, ba su da wuri a nan ko da sun shiga daidai. A ɗaure kowane baki da kilif ɗin da ya yi daidai da shi, ba waya ba, ba tsinken roba ba, kuma kada a matse har kilif ya yanki robar. Ƙaramar filtar roba da ake sawa a hanya, a nisanta ta da salansa da distiributa, a kuma ɗaure ta kada ta riƙa lilo.

Masu Volkswagen Beetle, a nan ne taku ta fi tsanani: injinku a baya yake, kuma ɗan bututun tagulla da ke shiga kafireta yakan saki ya zare, famfo ya fesa mai a kan inji mai zafi. Ku girgiza shi da yatsa, in ya motsa a gyara kafin a sake tayar da motar.

Mataki na biyar: famfon mai da baƙin mai

Famfon da ke jikin inji yana aiki da wata fatar roba da ke sama da ƙasa. Matsin da yake bayarwa kaɗan ne, bai kai ko kusa da na motocin zamani ba, amma ya isa ya yi feshi. Ka duba kewayen murfinsa da inda bututu biyu suka shiga, da ƙaramar kafar da ke jikinsa ta ƙasa. In mai na fitowa ta kafar, fatar ta yage.

Yoyon da ya fi ɓarna kuwa ba a ganinsa a waje. Fatar da ta yage tana iya zubar da fetur cikin inji ya gauraye da baƙin mai. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina. In tana warin fetur, man ya tsinke kamar ruwa, ko ka ga ya haura alama alhali ba ka ƙara ba, kada ka sake tuƙa motar. Man da ya tsinke ba ya riƙe metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, haka inji ke bugawa ana cewa tsufa ne. A canza famfo, a juye baƙin mai, a canza filtarsa, duka lokaci guda.

Mataki na shida: kafireta

Ita ce ta ƙarshe, ko da yake ita ake fara zargi. Ka tayar da mota ta yi zafi, ka kashe, ka cire tukunyar filtar iska, ka haska maƙogwaron kafireta daga gefe, ba ka kifa fuska a kai ba. In ka ga mai na ci gaba da ɗiga ciki bayan inji ya tsaya, ambaliya take. A cikin kwanonta akwai fulot da ke tashi in mai ya cika, ya tura allura ta rufe hanya. Abu uku ke hana wannan: datti ko tsatsar tanki ta tokare allurar, bakin allurar ya cinye ya yi zobe, ko fulot ɗin ya huje ya sha mai ya nutse. Ka ciro shi ka girgiza a kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa ya mutu. In na tagulla ne kana shakka, ka tsoma shi a ruwan zafi da aka sauke nesa da wuta, huji zai fitar da kumfa. Tsayin fulot yana da ma'auninsa a littafin kowace irin kafireta, Solex ɗin 504 ma iri-iri ce, don haka a bi lambar da ke jikin taka, ba lanƙwasawa da ido ba. In dattin tanki ne sanadi, wanke kafireta kaɗai ba zai daɗe ba, sai an wanke tankin an sa sabuwar filta.

Ka duba gasket ɗin murfinta. In an saba ɗaure sukurorin da ƙarfi, murfin kan karkace, ka ɗora shi a kan gilashi ka ga ko yana rawa. Ka danna totur da hannu kana kallon ƙaramin famfon da ke gefenta, shi ma fata gare shi, takan yi naso. Jiƙo a bakin sandar totur yawanci alamar ambaliya ce daga sama, ba nan ne tushen ba.

In komai lafiya amma wari na tashi bayan doguwar tafiya da rana, zafin inji ne ke tafasa man da ke kwano, domin sashen fetur mafi sauƙi yana fara tafasa tun bai kai digiri 40 ba. Ka tabbata farantin da ke raba kafireta da zafin inji yana nan, don akan cire shi a manta, ka kuma janye tiyon mai daga jikin duk ƙarfe mai zafi.

Bayan gyara

Abu ɗaya za ka gyara a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba. Ka wanke wurin, ka sake barbaɗa hoda, ka cika tanki, ka yi tafiyar da ta haɗa kwana da gargada, ka dawo ka haska. Shimfiɗar but da ta sha fetur takan riƙe wari makonni, ka fitar da ita ka shanya, kada ta sa ka zaci aikin bai yi ba. Tsummokaran da suka jiƙe a shanya su a fili nesa da wuta da yara, kada a tura su cikin but.

Daren nan ka sake shimfiɗa sabon kwali, ka rufe gilasai duka, da asuba ka buɗe ƙofa ka shaƙa kafin iska ta shiga. Bayan mako ɗaya ka bi sababbin kilif ɗin da sukudireba ka ƙara musu ɗauri kaɗan, domin sabuwar roba takan zauna bayan ta sha zafi.